Yarjejeniyar Gini da Abin da Filasta Ke Ɓoyewa

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ba ya karɓar dilar atamfa sai ya kwance ta, ya ƙirga turame, ya murza yadin tsakanin yatsu, sa'an nan ya shigar a littafi. Amma ran da ya sami fili ya tashi gina gidan da zai zuba iyalinsa, sau da yawa sai ya kira ɗan kwangila bakin shago, su yi jinga da fatar baki tsakanin azahar da la'asar, ya ƙirga masa kafin alƙalami, a watse. In an rubuta wani abu, ba ya wuce jimlar kuɗi da yawan ɗakuna. Wannan sakaci ne, ko da an kira shi amana, domin yawancin abubuwan da ke kashe gida suna wuraren da ido ba ya kaiwa da zarar an yi filasta an shafa fenti.

Kasuwar ita kanta ta isa misali. A zamanin Turawa unguwar zama ce ta fataken Lebanon da Siriya, gidaje da kantuna a haɗe, kafin ciniki ya cinye gidajen. Wuri ne mai gangare kamar yadda sunansa ya nuna, ruwan wannan yanki na Fagge da Sabon Gari kuwa rafin Jakara yake nema. A watan Agusta na 2022 ruwan sama ya malale layukan kasuwar, ya shiga shaguna ya jiƙa kayan miliyoyin naira, 'yan kasuwa da dama kuma suka ɗora laifin a kan shagunan da aka gina bisa hanyoyin ruwa. A ƙarshen wannan watan dai wani bene da ake cikin ginawa ya rufta a titin Beirut, nan kusa da Kwari, aka yi asarar rayuka. Waɗannan gine-ginen kasuwa ne, amma magina ɗaya ne, bulo ɗaya, al'adar jinga kuma ɗaya da ta gidajen kwana.

Saboda haka farkon abin da ya kamata ya shiga takarda shi ne ruwa. Ƙasa cike take da 'yan ƙananan ƙofofi, haka ma bulo da siminti, ruwa kuwa yana hawa ta cikinsu kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Yana tafe da gishirin ƙasa. In ya kai tsayin gwiwa ko ƙugu ya bushe, gishirin ya daskare ya tunkuɗe filasta, sai a ga gindin bango yana zubar da gari. Bangon da bai rabu da danshi ba gona ce ta funfuna, funfuna kuwa tana watsa ƙwayoyin iri cikin iskar ɗaki, waɗanda kan tayar wa mai asma ciwonsa. Maganin wannan ba shi da tsada: a ɗaga daɓe sama da titi, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankaren daɓe, a kuma tsare gindin bango da irin wannan shamaki. Amma aiki ne na yini guda da ake binnewa har abada, wanda bai rubuta shi ba kuma ba shi da bakin tambaya.

Ruwan da ke cutar gida bayan an gama, shi ne kuma abincin kankare lokacin da ake yi. Mutane da yawa suna zaton siminti bushewa yake yi ya yi ƙarfi. A haƙiƙa haɗuwa yake yi da ruwa, sinadaran cikinsa su rikiɗe su sarƙe yashi da tsakuwa, aikin kuma yana ɗaukar makonni, shi ya sa injiniyoyi ke auna ƙarfin kankare a kwana na 28. A hunturun Kano ko zafin bazara, iska kan zuƙe ruwan kafin aikin ya yi nisa. Don haka a rubuta cewa za a yi bayi aƙalla kwana 7, a faɗi wanda zai biya mai garuwa. A rubuta awon haɗi, alal misali kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, ko abin da injiniya ya yanke. A rubuta bulo nawa za a fitar daga buhu mai kilo 50, da kaurin rodi da milimita, domin kalmar "mai kyau" a Ƙofar Ruwa tana da ma'ana fiye da guda. Rodin da kankare bai lulluɓe sosai ba yakan yi tsatsa, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta tsaga ginshiƙi daga ciki.

Sai gara, wadda ta fi kowane ɗan kwangila haƙuri. Irin da ke gina suri tana da uwa guda mai zuba dubban ƙwai a yini, ma'aikatanta kuma suna bin ƙarƙashin ƙasa su hau bango ta cikin ramin bulo har su cim ma katakon rufi. Suna kwasar itacen su kai gida, inda suke noman wata irin funfuna da ke narkar musu da shi. Magina na dā sun san wannan sarai. Shi ya sa suka zaɓi azarar giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba, suka kuma yi ta shafe bango da makubar ɗorawa saboda ruwa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 shaida ne ga wannan sani. Yau kuwa sai a ce "katako" kawai, alhali a 'Yan Katako akwai mai tauri irin maɗaci, akwai fari mai laushi da gara ke ci kamar tuwo. Ya kamata takarda ta faɗi irin itacen, da maganin da za a jiƙa shi da shi kafin a ɗora, ta kuma wajabta tone kututture da kwashe guntayen katakon kafinta kafin a yi ciko, don kada a binne wa gara guzuri.

Akwai wani sharaɗi da kusan ba a taɓa rubutawa, watau tazarar sokawe da rijiya. Ƙwayoyin kwalara da na taifot suna bin ruwan ƙarƙashin ƙasa daga masai zuwa rijiya, musamman da damina. Ma'aunin da hukumomin lafiya suka saba bayarwa shi ne kimanin mita 30, filayen cikin gari kuwa da yawa ba su kai haka tsawo ba. Ke nan tilas a duba inda maƙwabci ya haƙa nasa kafin a ja igiya, a ɗaure bakin rijiya, a rufe sokawe ruf, domin wanda aka bari da tsaga makwancin sauro ne.

Za a ce rubutu yana ɓata zumunci, magini na gida ne, tare aka taso. Sai dai rigingimun gini da ke kai mutane gaban mai unguwa ko alƙali galibi a kan abin da ba a rubuta ba ne, kowa na rantsuwa da abin da ya tuna. Takarda kariya ce ga magini mai gaskiya ma, domin ita ke hana mai gida ya ƙara ɗaki a tsakiyar aiki ya ce yana cikin jinga, ita ce kuma ke faɗin wanda zai ɗauki ƙari in siminti ya tashi. Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, a Kano kuma hukumar KNUPDA ce ke amincewa da taswirar gini, amma ba jami'in da zai tsaya a kan kowane kwanon kankare.

Biya ma a bi shi mataki-mataki: harsashi, linta, rufi, kowanne sai wani injiniya da ba yaron ɗan kwangila ba ya duba kafin a rufe. A manyan kwangiloli akan riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har wata 6 saboda gyaran abin da ya ɓaci. A Kano ƙidayar watanni ba ta wadatar ba. Gidan da aka miƙa a Nuwamba zai cika wata 6 a Mayu, bai ga ruwan kirki ba. Abin da ya dace a rubuta shi ne, ragowar kuɗin na hannun mai gida har sai ginin ya sha ruwan Agusta guda.