Raddi Ga Masu Kiran A Ba Shagunan Caca Lasisi A Kano

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Nuwamba na 2024 cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, kuma dokar caca ta tarayya ta 2005 iyakarta Abuja, wasu 'yan'uwa suke ta kira ga Kano da ta dakatar da Hisbah daga rufe shagunan cacar ƙwallo, a koma ba su lasisi yadda ƙananan hukumomi ke yi a Ingila. Hujjojinsu uku ne. Tunda Ingila suka kawo shaida, da bakinta za mu amsa musu.

Da farko sun ce lasisi linzami ne, wanda ya bayar da shi yana iya hanawa. Muka ce: a duba dokar caca ta Birtaniya ta 2005. Hukumar caca ta ƙasa ita ke tantance kamfani, ƙaramar hukuma kuma ita ke ba da lasisin shago. Amma sashe na 153 ya ɗora mata ta karkata ga amincewa. Ba ta da ikon cewa shagunan sun yi yawa a unguwa, ba a kuma sauraron ƙorafin da aka gina kan tarbiyya ko addini. Ƙaramar hukumar Newham, a gabashin Landan, ta gwada. A 2013 ta hana kamfanin Paddy Power buɗe wani sabon shago, alhali akwai sama da 80 a yankinta. Kamfanin ya garzaya kotu, ya kayar da ita. To, a hannun wa linzamin yake?

Na biyu sun ce za a samu kuɗin shiga. Muka ce: a can ɗin ma kuɗin lasisi an ƙayyade shi, kuma bai halatta ya wuce abin da hukumar ke kashewa wajen aikin lasisin ba. Harajin caca kuwa baitulmalin ƙasa yake zarcewa. Unguwa abin da ke rage mata shi ne mai bashi da matar da aka cinye kuɗin cefanenta. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ba ta musanta cewa caca na da ɗan amfani ba. Awo ta yi, cutar ta rinjaya. Masu wannan kira sai su nuna mana ma'aunin da ya fi wannan.

Na uku sun ce mai lasisi yana bin ƙa'ida, don haka za a kare matasa. Muka ce: dokar ta yarda da injin caca huɗu a kowane shago, a lokacin da mutum ke iya zuba fam 100 cikin daƙiƙa 20. Sai kamfanoni suka yi ta ƙara rassa don injinan su ƙaru, ba tare da sun karya doka ba. A 2014 ƙananan hukumomi fiye da 90 suka roƙi gwamnati ta rage kuɗin da ake iya zubawa zuwa fam 2, aka ƙi. Sai a Afrilun 2019 aka rage. Wannan fa ƙasa ce mai masu bincike da rajistar kowane shago. Mu da ba mu gama sanin adadin masu sayar da magani a kasuwanninmu ba, ina za mu kama?

Saura magana guda da suke da gaskiya a kanta: ko an garƙame shago, caca na cikin waya. Haka ne. Sai dai lasisin shago ma bai isa waya ba; ko a Ingila cacar intanet ba ta ƙarƙashin ƙananan hukumomi. Abin da lasisi zai ƙara kawai shi ne tambarin gwamnati a ƙofar shagon, yaro ya ce wa mahaifinsa: “Baba, ai hukuma ta yarda.” Jihar da ta ɗauki Shari'a tun shekarar 2000 ba ta da amsar da za ta ba wannan uban.

Allah ne mafi sani.