Tibiri da Dogon Dutsi: Yawan filayen da aka sayar ba shi ne ci gaban gari ba

Duk ƙarshen shekara, kamfanonin sayar da filaye da gina gidaje sukan fito da lissafin abin da suka yi. Za ka ga hotuna a Facebook da WhatsApp: ga fili an share, ga turakun siminti an jera, ga wani ana miƙa masa makulli yana murmushi. Sai a ce bana an yanka filaye kaza, an sayar da kaza, baɗi kuma za a ninka. Waɗannan hotuna suna isa wayoyin 'yan Arewa da ke Yamai, da Legas, da Kwatano, da Abijan, da Libiya, kuma da yawansu a kan hoton kaɗai suke yanke shawarar aiko da kuɗin da suka shekara suna tarawa.

Ra'ayina shi ne wannan lissafi bai cika ba. Lissafin mai sayarwa ne, domin yana nuna abin da ya shiga aljihunsa. Wanda zai zauna a wurin, ya aurar da 'ya'yansa a wurin, tambayoyinsa daban ne: ina ruwan sha, ina hanya, ina makaranta, ina ruwan sama zai bi idan ya sauko, kuma takardar da aka ba shi za ta tsaya a gaban alƙali?

Tibiri ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan an cire ta daga Dogon Dutsi, da ƙananan hukumomi huɗu: Tibiri, Dumega, Gesheme da Koren Mai Ruwa. Ƙidayar 2012 ta sami mutane kimanin 270,000 a gundumar, a lokacin da yawan al'ummar Nijar ke ƙaruwa da kusan kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Da irin wannan ƙaruwa, jama'a kan ninka a ƙasa da shekara 20. Ga ma'aikatan da sabuwar gunduma ta jawo, ga matasan da ba su son zaman gidan gandu bayan aure, ga hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta ratsa Koren Mai Ruwa da Dogon Dutsi tana ɗaga darajar duk wani fili da ke bakinta. Buƙatar muhalli gaskiya ce, babu mai musu. Yadda ake biyan buƙatar ne abin dubawa.

Ga yadda aka saba yi a yawancin garuruwanmu. A zaɓi gonakin da ke bakin gari, a kira masu awo su yanka, a dasa turaku. A ba mai gona wani kaso na filayen a matsayin diyya, sauran kuma ma'aikatar magajin gari ko ɗan kasuwar da ya ɗauki nauyin aikin ya sayar. Mai saye ya karɓi takardar da ake kira acte de cession, shi ke nan an gama. Famfo, da turakun NIGELEC, da magudanar ruwa, da hanyar da mota za ta iya bi a watan Agusta, duk sai a bar su ga "nan gaba". Dalilin a fili yake: harajin kasuwa da na kai ba su isar ƙananan hukumomi, sayar da fili kuwa kuɗi ne a hannu nan take. Sai dai fili ba gero ba ne da za a sake shukawa baɗi. Wanda aka sayar ya tafi ke nan, ɗawainiyar unguwar kuma ta rage a wuyan gari har abada.

Yamai ta riga mu bin wannan hanya, kuma mun ga inda ta kai ta. A farkon shekarun 2000 har da filaye aka biya ma'aikatan gwamnati bashin albashinsu. Dajin da aka fara dasawa tun 1965 domin ya kewaye birnin ya kare shi daga iska da rairayi, yankan filaye ya cinye babban ɓangarensa. Yau akwai unguwannin da aka sayar shekaru da dama, har yanzu mazaunansu a wajen 'yan garuwa suke sayen ruwa. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tibiri da Dogon Dutsi suna da sauran dama domin ba su kai girman da gyara zai gagara ba.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da ƙasarmu. Garuruwan Arewa da yawa a cikin Dallol Mawri suke ko a bakinsa, wato tsohon kwari mai faɗi wanda ruwa ke kusa da saman ƙasa, tuddai kuma suna zubo masa ruwa ta ƙoramu duk damina. Wannan ne ya sa lambu ke yi, kuma shi ne ya sa gini a wurin da bai dace ba ke zama haɗari. Mutanen Dogon Dutsi sun san yadda ruwan duwatsu ke gangarowa cikin gari kafin ya tafi Tapkin Saw, sun kuma san aikin shingayen duwatsu da aka yi don rage ƙarfinsa tare da abokan hulɗarsu na garin Orsay a Faransa. A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a faɗin Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Filin da aka nuna maka a watan Maris, ƙasa busasshiya shar, yana iya zama hanyar ruwa a watan Agusta. Tsofaffin gari sun san kowace hanyar ruwa da sunanta. Da wuya ka ji an tambaye su kafin a dasa turaku.

Sai kuma manomin da aka yanka gonarsa, wanda ba ya fitowa a hoton ƙarshen shekara. An ba shi filaye, ya sayar da su ɗaya bayan ɗaya: wannan na aure, wannan na babur, wannan na magani. Bayan shekara biyar babu gona babu fili, 'ya'yansa kuma sun bi sahun masu tafiya bida. Sau da yawa ma gonar ta gado ce, mutum ɗaya ya sa hannu ba da sanin 'yan uwansa ba, musamman mata da waɗanda ke waje. Rigimar takan taso ne bayan mai saye ya zuba kuɗinsa ya kai gini linta. Kamfanin da ya ce ya gina al'umma alhali ya bar gida guda a gaban sarki ana shari'ar gado, to a cire wannan daga cikin nasarorinsa.

Wa ke gina gidajen Arewa a zahiri? Kamfanin gwamnati na SONUCI yana nan tun 1962, bankin gidaje na BHN kuma ya fara aiki a ƙarshen 2018, amma tsarinsu ya fi dacewa da mai albashin wata wanda banki zai iya cirewa daga asusunsa, kuma yawancin aikin a manyan birane yake. Mai turin kura a Legas ko mai sayar da shayi a Abijan ba shi da takardar albashi. Shi ne ke aiko da kuɗi kaɗan-kaɗan: bana bulo, baɗi kwano, shekara ta uku ƙofofi. Idan aka haɗa abin da irin waɗannan bayin Allah suka gina a Tibiri, da Gesheme, da Matankari, babu kamfanin da zai kama ƙafarsu. Amma su ne aka fi cuta, domin ba su nan. A sayar wa mutum biyu fili ɗaya, ko a nuna masa hoton wani wuri daban, ko ɗan uwan da aka ba amanar gini ya karkatar da kuɗin.

Masu sayar da filaye suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa idan aka tilasta musu jawo ruwa da wuta da gina magudana kafin sayarwa, farashi zai tashi har talaka ya kasa saye. Akwai gaskiya a ciki. Amma talakan yana biyan kuɗin ko ta yaya: yana biya wajen mai garuwa kullum, yana biya wajen sake ɗaga katangar da ta faɗi, yana biya wajen maganin zazzaɓin cizon sauro saboda ruwan da ya kwanta ƙofar gida. Kuma ba a ce a yi komai rana ɗaya ba. Abin da ba ya jiran gobe shi ne a bar wa ruwa hanyarsa, a fitar da tituna masu faɗi, a keɓe filin makaranta, da gidan likita, da kasuwa, da maƙabarta, a kuma hana kowa taɓa su. Wannan ba ya cin siminti ko buhu ɗaya. Ƙasar tana da dokar tsarin birane ta 2017, tana da kundin dokokin karkara tun 1993 wanda ya kafa kwamitocin filaye na COFO daga gunduma har ƙauye. Aiki da su ne ya yi ƙaranci.

Haka nan batun kayan gini. Mun ɗauka ci gaba shi ne bulon siminti da rufin kwano, ko da ɗakin zai zama tanda a watan Afrilu. Gwamnati ta rage farashin siminti a Oktoban 2024 bayan ambaliya, wannan ya taimaka, amma akwai wata hanyar. A Yamai, rukunin gidaje shida da ake kira Niamey 2000, wanda aka kammala a 2016, da tubalin ƙasa da aka matse da inji aka gina shi, kuma cikin waɗanda suka zana shi akwai Mariam Kamara, 'yar Nijar. Ita ce kuma, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, ta zana masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a jihar Tawa da irin wannan tubali. Ƙasar gini ba ta yi mana ƙaranci ba, magina ma akwai su. Ɗan kasuwar da ya kafa injin matse tubali a Tibiri ya horar da matasa goma ya fi wanda ya yanka filaye ɗari ya tafi amfani ga gari.

Saboda haka ga lissafin da ya kamata mu riƙa nema duk shekara, daga kamfani ko daga ma'aikatar magajin gari. Filaye nawa aka yanka, a gonakin su wa, kuma me aka ba su? Nawa aka tara, nawa ne daga ciki ya koma unguwar? Cikin filayen da aka sayar shekara uku baya, nawa aka gina, nawa ke da ruwa kusa? Filayen jama'a da aka keɓe suna nan ko an sayar? Ƙorafi nawa ke gaban COFO? A manna amsar a bangon ma'aikata, a karanta ta a gidan rediyon gari da Hausa. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa shugabannin riƙo, babu kansilan da zai tashi a zaman majalisa ya yi waɗannan tambayoyi, don haka nauyin bayyana gaskiya ya ƙaru a kan waɗanda aka naɗa.

Ku kuma 'yan uwa da ke waje, kada ku sayi fili a kan hoto. Ku sa wanda kuka yarda da shi ya je wurin bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ya tambayi dattawan unguwa, ya duba lambar filin a rajistar ma'aikatar magajin gari, ya tabbatar magada duka sun yarda. Takarda ta fito da sunanku, ba da sunan wanda kuka aika ba, kuma idan hali ya yi ku nemi titre foncier, domin ita ce ta fi ƙarfi a gaban shari'a. Ƙungiyoyinku na 'yan gari ɗaya, waɗanda ke haɗa kuɗi idan an yi rasuwa ko rashin lafiya, suna iya sayen filaye a wuri ɗaya su gindaya wa mai sayarwa sharaɗi a rubuce. Mutum ɗaya ana iya yi masa alkawarin famfo a manta, amma mutum 30 da suka riƙe rabin kuɗinsu sai an jawo ruwa, dole a saurare su.

Unguwar da aka yanka ba tsari, jikokinmu ne za su zauna da ita, domin gidan da aka gina a kan hanyar ruwa ba ya matsawa. Kafin mu tafa wa kowa a ƙarshen bana, mu nemi ya kai mu unguwar da ya sayar shekara uku da suka wuce, a cikin watan Agusta, mu gani da idonmu.