A Bar Yaro Ya Taɓa Ƙasa

A gidajen birni da yawa, musamman inda aka samu ɗan abin hannu, an malale tsakar gida da siminti tun daga zaure har bakin madafa, kuma yaro ɗan shekara uku yana iya wuni bai taɓa ƙasa ba. Da ya miƙa hannu zai ɗebi yashi sai a daka masa tsawa: "Kai, ƙazanta!" In ya fashe da kuka a miƙa masa waya. Iyayen da ke yin haka da kyakkyawar niyya suke yi, suna ganin tsafta ce da wayewa, wasu kuma suna gudun a ce ɗansu ya yi futu-futu kamar wanda ba shi da gata. Amma a ganina an tauye wa wannan yaro haƙƙi, domin abin da ake kira ɓata jiki shi ne karatunsa na farko, kuma karatu ne da babu mai iya yi masa.

A tsaya a kalli yarinya tana tuwon ƙasa a gwangwanin madara. Ta zuba ruwa ya yi yawa, abu ya koma kunu. Ta ƙara ƙasa, ya yi tauri har muciyar karan ta karye. Ta sake gwadawa har ya yi daidai, ta kwashe malmala uku a kan murfin kwano, ta tsinko ganyen darbejiya ta murje a ruwa wai miya, ta kai baki, ɗaci ya sa ta tofar tana yatsine fuska. Cikin rabin sa'a ta san yawa da kaɗan, ta san cewa abin da ka zuba shi ke sauya abin da za ka kwashe, ta kuma ƙirga uku ba da bulala ba. Yatsun da ke mulmula laka yau su ne za su riƙe alƙalami a kan allo gobe. Kalmomi irin su kaushi da santsi da danshi da ɗumi kuwa, yaro ba ya mallakarsu sai fatarsa ta ji su. Gilashin waya ba ya ba da wannan: hoton rago da hoton wuta da hoton ruwa duk santsi ɗaya gare su a ƙarƙashin yatsa.

Masana tarbiyyar yara sun daɗe da gane haka. Bajamushen nan Friedrich Fröbel, wanda ya raɗa wa makarantar ƙananan yara sunan da ke nufin lambun yara a 1840, ya tanadar wa yaransa 'yan kunyoyin da za su shuka abu su yi ban-ruwa da hannunsu. Maria Montessori, likitar da ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, ta yanka haruffa daga takarda mai kaushi domin yaro ya bi su da yatsa kafin ya rubuta. Abin dariyar shi ne, yau wasu iyayen kan biya kuɗi mai tsoka a makarantun da ke ɗauke da sunanta don ɗansu ya yi wasa da akwatin yashi, alhali a gida sun hana shi yashin da ke kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce sa'a ɗaya a rana, sannan yaron da ya fara tafiya ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki kullum. Sa'a uku ke nan, kuma ba a kan kujera ake cika su ba. A addini ma ba a kallon wasan yaro a matsayin shashanci: hadisi ya tabbata cewa Annabi (SAW) yakan tambayi Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi.

Mai hana yaro ƙasa yana da hujja mai nauyi, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Ƙasar da mutane ko dabbobi ke bahaya a kai tana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin gudawa. Kududdufin damina na iya zama gidan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Ba a manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta gauraye da ƙasar da jarirai ke rarrafe a kai. Sai dai darasin da ke cikin wannan duka shi ne babba ya zaɓa wa yaro inda zai yi wasa. Buhun yashi mai tsafta a lungu guda, nesa da masai da kwata da turken awaki, a rufe shi da dare saboda kyanwa, a yanke farce, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a karɓi maganin tsutsa idan ma'aikatan lafiya sun ce lokaci ya yi. Ruwa kuma ya fi ƙasa haɗari, don ɗan ƙaramin yaro na iya nutsewa a bokiti ba tare da an ji motsinsa ba, saboda haka ba a barinsa da shi ko na ƙiftawar ido. Wanda bai kai shekara uku ba a nisanta shi da ƙwayar wake da tsakuwa, masu shiga hanci ko su shaƙe shi.

Wasu kuma cewa suke babu fili, ɗaki ɗaya suke haya, babu kuɗin kayan wasa. Wannan uzurin bai kai na farko ƙarfi ba. Tire da mudun gero da mazurari da rariya sun isa su riƙe ɗan shekara huɗu tsawon lokacin da za a gama girki. Ƙullin fulawa laka ce da ba ta buƙatar tsakar gida. Wake uku a gwangwanin da aka huda gindinsa sukan tsiro cikin mako guda, yaro ya riƙa tashi da safe yana leƙawa. Da kaka ga kara na yin mota, ga ƙwallon goruba, ga malam-buɗe-littafi da ƙadangare a jikin katanga, ba a biya ko sisi ba. Ina zargin ainihin abin da ake gudu shi ne wanki da shara da haƙurin zama kusa da yaro, domin waya tana sa shi shiru, laka kuwa tana ƙara aiki. Gajiyar uwa gaskiya ce, shi ya sa aikin bai kamata ya zama nata ita kaɗai ba. Uban da ya dawo da la'asar zai iya zama a kan tabarma ya sa ido, yayye ma haka, a ware wa yaro tsohuwar riga ta wasa. Maigidan da ke shirin kiran birkila ya malale tsakar gida kuwa, ya ce masa ya bar taku uku a gindin bishiya.