WA YA KAFA DOKAR WASAN? MARTANI GA MASU SON KOYA WA MANOMIN KADAWA TATTALI DA WASAN WAYA

Wata sabuwar waƙa ta shigo gari, kuma kamar yadda aka saba, 'yan bokonmu sun karɓi amshi tun ba su gama jin baitin farko ba. Waƙar ita ce wai talaucin talaka ya samo asali ne daga rashin sanin tattalin kuɗi, maganinsa kuwa shi ne a koya masa tattalin ta hanyar wasa. Watau a sa masa manhaja a waya, in ya ajiye naira dubu a ba shi maki, in ya jera kwana bakwai yana ajiya a manna masa tauraro, in ya amsa tambaya daidai a ɗaga shi zuwa mataki na gaba, ƙarshen wata kuma a jefa ƙuri'a wani ya ci babur. Masu wannan ra'ayi sun ce lacca tana sa barci, amma wasa yana riƙe hankali, saboda haka da wasa za a fid da jaki daga duma.

To, ni dai ina da ja. Kuma tun da yake magana a ɗakin taro ba ta da wuya, bari mu ɗauki wannan ra'ayi mu kai shi inda ake zufa, mu gani ko zai iya tsayawa da ƙafafunsa. Mu kai shi Garun Malam.

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano da rani ya ga abin da ruwa ya yi wa ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa yake gangarowa ta babbar hanyarsa yana rarrabuwa cikin gonaki, ana noman shinkafa da alkama da masara da albasa, uwa uba tumatir. Mutumin da yake noma a nan yakan yi lissafin da ɗalibin ilmin tattalin arziki na ajin ƙarshe zai yi gumi kafin ya warware shi. Yana lissafin kuɗin hayar fili, da na iri, da na taki, da na maganin feshi, da na 'yan ƙwadago, da na ruwa, da na kwando, da la'adar dillali, alhali bai san nawa kwandon zai yi ranar da zai kai shi Kwanar Gafan ba. Matarsa tana cikin adashi, ta san ranar kwasarta, ta san bikin wa ta kai gudummawa da abin da za a mayar mata ran nata bikin, ba tare da ta rubuta ko harafi ɗaya ba. 'Yarsa mai talla tana ba da canji ba ta ɓata. Yanzu waɗannan mutane ne za a ce ba su san kuɗi ba, sai an ba su tauraro a waya?

Ba ni kaɗai na faɗa ba. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Christopher Udry, ya zauna a wasu ƙauyuka na kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989 yana nazarin yadda manoma suke cin bashi. Abin da ya tarar shi ne yawancin bashin tsakanin waɗanda suka san juna ake yinsa, kuma abin da za a biya yana sauyawa gwargwadon abin da ya sami mai ci ko mai bayarwa: in masifa ta faɗa wa wanda ya ci bashin a sassauta masa, in ta faɗa wa mai kuɗin a ƙara kyautata masa. Ashe bashi da inshora ne a haɗe cikin ƙwarya ɗaya, abin da har yau bankunanmu na zamani ba su iya ba. Wa ya kamata ya ɗauki allo ya zauna gaban wani?

Bari mu zo ga ainihin darasin da wasan yake koyarwa. Darasi na farko: ajiye kuɗinka a banki. Madalla. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ma'ana, kayan da naira 100,000 ta saya a Disambar 2023, sai an ba da naira 134,800 kafin a same su bayan shekara guda. Ruwan da asusun ajiya yake bayarwa a lokacin bai kai kashi 10 ba, ga wanda ma ya yarda ya karɓa ke nan, don da yawa daga mutanenmu suna gudunsa saboda haramcin riba. Manomin da ya ƙi ajiya ya sayi rago ya ɗaure, ko ya zuba shanshera a rumbu, shi ne ya ci jarrabawar a wannan shekara. Amma a cikin wasan waya shi ne zai zo na kashin baya, wanda kuɗinsa ya narke a asusu kuma a ba shi kambi.

Kada kuma mu manta da farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. An ce kowa ya kai tsofaffin takardu banki, wa'adi ya faɗo a ƙarshen Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, watau daidai lokacin da tumatir yake nuna a Kadawa. Wanda ya bi umarni ya kai kuɗinsa, sai ya koma sayen nairarsa da naira a hannun masu POS. Mai saye ba shi da tsaba, ɗan ƙwadago ba ya karɓar taransifa, tumatir kuwa ba ya jiran hukuncin Kotun Ƙoli. Wane mataki ne na wasan ya koyar da wannan?

Darasi na biyu: yi kasafi, ka tsara gobe. Da kyau. Amma kasafi yana bukatar ƙasa mai tauri da za a kafa shi a kai. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, aka ce manoman rani su duƙufa, suka duƙufa. Bayan 'yan shekaru aka ɗage hanin, alkamar waje ta dawo. A 2016 aka buɗe masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote a Kadawa, wadda aka ce za ta iya cinye tan 1,200 a rana, manoma suka yi murna; a shekarar nan ƙwaron nan Tuta absoluta ya cinye gonaki, masana'antar ta tsaya, daga nan kuma ta yi ta buɗewa tana rufewa. A 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, shinkafa ta yi daraja. A 2024 aka ba da damar shigo da wasu kayan abinci ba haraji, daga bisani farashin hatsi ya faɗi alhali taki yana nan da tsadarsa. Ko wanne daga cikin waɗannan ya fi ƙarfin littafin kasafin manomi. Dokar wasa ce ake sauyawa ana tsakiyar wasa, sa'an nan a juyo a ce wa wanda aka cinye ai bai iya ba ne.

Daɗin daɗawa, akwai wata ƙarya da take kwance a gindin kowane wasa. In aka cinye ka a dara, sai a share gurabe a sake zubi, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu. In aka cinye ka a waya, sai ka danna ka koma farko. Amma manomin da tumatirinsa ya ruɓe a bakin titi da bashin taki a wuyansa, ba ya komawa farko. Yana komawa baya da farko: ya jinginar da gona, baɗi ya zama ɗan ƙwadago a cikinta. Wasan da ba a jin zafin faɗuwarsa ba zai koya wa kowa tsoron bashi ba. Jiki magayi.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne wanda ya shafe mu, mu samari. Maki da mataki da ƙuri'a da ƙararrawar murna, duk kayan aikin ɗan caca ne, kuma tun kafin malamin tattali ya are su ɗan damfara ya riga shi. A Amurka kamfanin Robinhood yakan watso wa mutum ruwan takardu masu launi a fuskar waya idan ya sayi hannun jari, har hukumar Jihar Massachusetts ta tuhume shi a 2020 da mai da zuba jari wasa don jan waɗanda ba su ƙware ba. Ya cire abin a 2021. A nan gida mun ga MMM, mai makin da ake kira mavro da matakan shugabanci, wadda ta daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016. Mun ga 2024, shekarar da samarinmu suka kwana suka yini suna dangwalar waya a Hamster Kombat, da aka zo rabo a watan Satumba da yawa suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Mun ga CBEX ta rufta da dukiyar mutane a Afrilun 2025. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Yaron da aka saba masa da cewa kuɗi abu ne da ake dannawa a ji ƙararrawa, an riga an share masa hanyar shagon cacar ƙwallo, ko da Hisbah ta rufe shagon, tun da yana cikin aljihunsa. Kuma mu tambayi kanmu: manhajar da ake ba mu kyauta, wa ya biya kuɗin yinta, me yake yi da lambobin wayarmu, kuma me ya sa a ƙarshen darasi ake tallata mana rance?

Wani zai ce na cika baƙin ciki, ai ilmi ba ya ɓaci. Gaskiya ne, ilmi ba ya ɓaci, kuma ba na cewa manomi ya san kome. Akwai mai cakuɗa jarin gona da kuɗin cefane, akwai mai kwashe ribar shekara ya ƙara aure, akwai mai sa hannu a takardar rance bai san abin da ta ƙunsa ba. Amma mu auna girman maganin da girman cutar. A 2014 wasu masana uku, Fernandes da Lynch da Netemeyer, suka tattara bincike 201, suka ce koyar da ilmin kuɗi bai bayyana fiye da kashi 0.1 cikin 100 na bambancin halayen mutane game da kuɗi ba, kuma ɗan tasirin yana dushewa da tafiyar watanni. Wasu masanan da suka biyo baya sun sami amfanin da ya fi haka, amma ba wanda ya ce darasi yana ɗaga farashin kwando. Abin lura kuma, wani gwaji da aka yi da ƙananan 'yan kasuwa a Jamhuriyar Dominika ya nuna ƙa'ida mai sauƙi, kamar a ware kuɗin sana'a daban da na gida, ta fi darasin akanta amfani. Wannan kuwa uwar adashi za ta iya koyar da shi a tsakar gida, ba data ba caji.

To, shin a jefar da wasa ke nan? A'a. A dai san wa ya tsara shi, da abin da yake nufi. Ga misali. A 1904 wata Ba'amurkiya, Lizzie Magie, ta yi rajistar wani wasa na masu gidajen haya, nufinta ta nuna yadda mallakar ƙasa a hannun 'yan kaɗan take tsiyata saura. Ta yi masa doka iri biyu: ɗaya kowa yana amfana idan dukiya ta ƙaru, ɗaya kuma mutum guda ne yake handame kome. Da 'yan jari hujja suka saye shi a 1935, sai suka riƙe dokar handama suka watsar da ɗayar, shi ne Monopoly da duniya ta sani. A 2012 har an fito da na birnin Ikko, ana tallarsa da cewa yana koyar da tattali. Dubi ikon Allah: wasan da aka ƙaga don tona asirin zalunci ya koma makarantar koyonsa.

Saboda haka ga ƙalubale gare mu, ɗaliban Jami'ar Bayero da ta Wudil da Kwalejin Noma ta Ɗambatta. In wasa ake so, mu tsara namu, mu kira shi Darar Kadawa. A sa manomi a ciki, da dillali, da mai ba da bashin taki, da mai mota, da banki. A sa katin ƙwaro, da na faɗuwar farashi, da na ƙarancin tsabar kuɗi, da na makarar sakin ruwa. Lambobin da za a yi amfani da su a karɓo su daga bakin manoma a lokacin hutu, kada a ƙago su a ɗakin kwana. A buga zagaye na farko kowa tasa ta fisshe shi, a ga wanda yake tashi da riba. A buga na biyu manoma sun haɗa kai, suna sayen taki a dunƙule, suna shanya kauɗa lokacin da kasuwa ta cika, suna ɗaukar mota ɗaya zuwa Mile 12 a Ikko. Kada a sa ko kwabo, kada a ba da kyauta, kada a karɓi lambar wayar kowa. Kuma waɗanda za a fara zaunarwa su buga shi mu ne, da jami'an bankuna, da masu tsara manufofi, don mu ne jahilan wannan fage.

Ku kuma yayyenmu da kuka kama aikin gwamnati, aikinku ya fi namu sauƙin faɗa. Ku sa a riƙa sanar da jadawalin sakin ruwa a kan kari, a kuma cika shi. Ku sa gidajen rediyo su riƙa faɗin farashin Kwanar Gafan da na Ikko kullum. Ku nace a rubuta sharuɗɗan kowane rance da Hausa, da boko da ajami, a karanta wa mutum kafin ya dangwala yatsa. Ku yi faɗa a kan rumbunan ajiya da wuraren shanya kafin ku sa hannu a kwangilar manhaja.

Manomin Garun Malam ya shekara hamsin yana buga wannan dara, ya san kowane gurbi nata. Abin da aka hana shi shi ne zama a wurin da ake yanka doka. Ranar da muka ba shi wannan kujera, za mu ga wanda yake bukatar tauraro. Allah Ya sa mu gane.