Zaurenmu ne, ko na aro?



Mu 'yan ƙungiyar jarida muna da kuka, kuma laifin namu ne. A zangon da ya wuce labaran da muka tara da hotunan gasar wasanni duk sun salwanta. A guruf ɗin WhatsApp muke tura su, kuma yayanmu ɗaya ne kawai yake da su cikakku a wayarsa. Ya gama makaranta ya tafi Birnin Kebbi, wayar ta ɓace a mota. Sauranmu wayoyin iyayenmu muke ara, su kuwa da waya ta cika sai su goge. Wa zai ce wa Baba kada ya goge?

Ga matsalar sabis. Waɗanda suke zuwa hutu Tsamiya ko Lolo sun san yadda waya take tsallakawa sabis ɗin Benin, saƙo ya shigo da Faransanci, kuɗin kati ya zube. Kuma zauren da ba naka ba ana iya kulle shi ba a tambaye ka ba. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, WhatsApp da Facebook da Instagram sun ɗauke a duk duniya na kusan awa 6. Gwamnatin tarayya ma ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Malamin kwamfuta ya nuna mana cewa akwai manhajojin hira da ake saukewa kyauta a ɗora su a kan kwamfutar makaranta, duk saƙonni su zauna a nan cikin ɗakinmu. Ya ambaci Mattermost da Rocket.Chat da Zulip. Ashe ba ƙaramin tunani ba ne, domin gwamnatin Faransa ta yi wa ma'aikatanta tata, mai suna Tchap, tun 2019.

Mun zaɓi Zulip. Dalilinmu shi ne a cikinta kowace magana sai an ba ta take, kamar yadda muke raba allonmu zuwa wasanni da kacici-kacici da labarai. A tsohon guruf kuwa sai ka wuce gaisuwar Juma'a arba'in kafin ka ga labarin da kake nema.

Wani ɗan aji uku ya ce mana, "To idan babu wuta fa? Kuma daga gida ai ba za ku iya shiga ba." Gaskiya ya faɗa. Amma rabinmu dama ba mu da waya, kuma doka ta hana zuwa da ita makaranta. A ɗakin kwamfuta ɗiyar manomi da ɗan mai shago kujera ɗaya za su zauna. Wutar ce dai ba mu da amsarta sai an samu sola.

Roƙonmu ga shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai shi ne a ba mu kwamfuta ɗaya mu gwada na zango guda. Kalmar sirri ta zauna a hannun malamin da ke kula da ƙungiya, ba ɗalibin da zai gama ya tafi ba. Duk ranar Alhamis mu kwafe komai a filas, a kulle shi a ofis. Mai ra'ayi daban ya rubuto, ya jefa a akwatin da ke ƙarƙashin wannan allo.