Arhar tabarma, wa ke biyan cikon kuɗinta?

Muna alfahari da tabarmar Madawa, da tukwanen Mirriya, da aikin dukawan Damagaram. Ni ma haka. Amma galibin wannan aiki a cikin gida ake yin sa, bayan zaure, inda mai binciken ƙwadago ba ya leƙawa. A can ne ake samun yarinya 'yar shekara 9 tana saƙar kaba tun hantsi, sa'o'inta kuwa suna lakwal.

Na san abin da za a ce: "Ai gado ne, haka muka tashi." Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce kar ɗan baduku ya koyi riƙe basilla. Koyon sana'a da yamma ko lokacin hutu tarbiyya ce. Amma in yaro ya bar aji don a cika odar dillali, ko ya wuni hannunsa cikin ruwan jima da toka, sunan abin ya canza.

Matsalar tana wajen farashi. Dillali da guda yake biya, ba ruwansa da awa nawa aka yi. In kuɗin tabarma ɗaya bai kai na tiyar hatsi ba, dole uwa ta sa kowane hannu na gidan aiki. Ke nan arhar da muke murna da ita a kasuwa, karatun wata yarinya ne ya cika ta.

Doka kam akwai ta. Dokar ƙwadago ta 2012 ta hana ɗaukar yaro aiki kafin shekara 14, kuma Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 182 ta hukumar OIT tun 2000. Sai dai takarda ba ta shiga tsakar gida, mu ne ke shiga.

Don haka muna kira ga ƙungiyoyin masu sana'ar hannu su tsaida ƙa'ida: ba yaro a bakin aiki lokacin lakwal, ba yaro a majema. Magadan gari su taimaka wa mata masu saƙa su haɗu su sayar kai tsaye, ba sai ta hannun dillali ba.

Mu kuma matasa, mu rage taya kayan hannu kamar na tsintuwa. In ƙanwarka ko 'yar maƙwabta ta kwana biyu ba ta je aji ba, je ka gaida uwarta, ka tambaya cikin ladabi. Kar mu jira 12 ga Yuni kafin mu tuna da su.