Kuɗin ma'adinai da kasuwar manomi: abin da Magarya ta koya mana

A ƴan shekarun nan babu maganar da ta cika bakin hukuma da na jama'a kamar maganar ma'adinai. A watan Yuni na 2024 gwamnati ta karɓe lasisin haƙar iraniyom na Imuraran daga hannun kamfanin Orano na Faransa. A watan Yuni na 2025 ta mai da kamfanin SOMAIR na Arlit mallakar ƙasa. A 2024 ne kuma ɗanyen man Agadam ya fara bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa bakin teku a ƙasar Benin. A waje ma haka abin yake. Manyan ƙasashe suna tseren neman ƙarafan da ake yin batir da wutar lantarki da su, har Tarayyar Turai ta kafa doka ta musamman a 2024 don kada masana'antunta su rasa irin waɗannan ma'adinai. A 2021 da 2022, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iraniyom da Tarayyar Turai ta saya daga Nijar ya fito.

Ƙasa ta riƙe dukiyarta da hannunta, wannan hakki ne, ba mu da ja a kansa. Tambayarmu ita ce: me mutumin Bande ko na Guci zai gani a ciki? Gundumar Magarya da ta Dungas ba su da ramin iraniyom, ba su da rijiyar mai. Abin da suke da shi mutane ne, sama da 900,000 a ƙidayar 2012, da gonaki, da kasuwanni, da iyaka da Najeriya. Kuma ba yau aka fara yi musu alkawarin arziki ba. Sun taɓa riƙe taskar ƙasar nan da fartanyarsu, sun kuma ga yadda aka juya musu baya ranar da aka sami wata taskar.

Matasa ba su san wannan tarihi ba, ya kamata a faɗa musu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanyar ga fatauci a 1912. Sannu a hankali cinikin gyaɗa ya yi ta hawowa arewa har ya mamaye ƙasar Magarya da Matamai. Turawan mulkin mallaka suka ɗora lanho, watau harajin kai, wanda sai da kuɗi ake biya, kuma hanyar samun kuɗin ita ce gyaɗa. Da aka sami ƴancin kai a 1960, gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin kayan da Nijar ke sayarwa a waje. Albashin ma'aikata, ginin makarantu, motocin hukuma, duka akwai gumin manomin gyaɗa a ciki. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA, ta ba ta ikon fitar da gyaɗa ita kaɗai, ta kuma kafa UNCC don kula da ƙungiyoyin manoma da ba su bashi. A kakar 1966 zuwa 1967 an sayi ɓararriyar gyaɗa kusan tan 190,000 a faɗin ƙasa.

A nan muna so mu ɗan dakata, don akwai abin alheri da aka yi a lokacin wanda ya shafi masu karatun wannan shafi kai tsaye. Daga 1966, a yankin Magarya da Matamai, aka gwada sabon tsari: manoma su riƙe kasuwar gyaɗarsu da kansu. Ƙauyuka suka zaɓi mai awo, suka zaɓi magatakarda, suka zaɓi shugaban kasuwa daga cikinsu. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suka koyi karanta sikeli da rubuta lissafi da Hausa. In an gama kaka, aka cire bashin iri, rarar kuɗin da ta saura a maido wa ƙauye, jama'a su zauna su yanke abin da za a yi da ita. Kafin nan, manomi yana tsaye ne kawai ɗan kamasho yana karanta masa awo, abin da ya faɗa shi ke nan. Ranar da manomi ya iya karanta lambar sikeli da idonsa, cuta ta ragu ba tare da an kira jandarma ba. Wannan tsari bai ci kuɗi mai yawa ba, kuma ya yi aiki.

Abin da ya ɓata lamarin farashi ne. A Yamai ake yanke kuɗin kilo, kuma ana yanke shi ƙasa da abin da ake samu a kasuwar duniya, don gwamnati ta ci bambancin. Manomi kuwa ba wawa ba ne. Shekarar da farashin Najeriya ya fi, gyaɗar Magarya ta bi jakuna da raƙuma da dare ta ƙetare iyaka. Shekarar da na Nijar ya fi, gyaɗar Daura da ta Babura ta shigo, a auna ta da sunan ta gida. Ma'aikatan duwan sun yi ta kame, amma babu shekarar da kame ya rinjayi farashi. A farkon shekarun 1970 aka gina masana'antar matse man gyaɗa ta SEPANI a Magarya, bayan wadda ke Matamai da wadda ke Maraɗi. Ginin ya zo a makare. Fari ya sauka a 1973, darɓa ta biyo baya a 1975 ta kuturta gonaki, abin da SONARA ke saye ya faɗo zuwa ƴan dubban tan. Injuna suka rasa abin matsewa. Manoma suka koma ga hatsi da wake, don ciki ya riga aljihu.

A daidai wannan lokaci ne iraniyom ya tashi. SOMAIR ta fara haƙa a 1971, COMINAK ta bi a 1978, farashi ya hau a duniya, kuɗi suka shigo baitulmali irin waɗanda gyaɗa ba ta taɓa kawowa ba. An yi abubuwan kirki da su, gaskiya ce. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Seyni Kunce ta sauke wa talaka nauyin lanho, an yi hanyoyi, an yi gine-gine a Yamai. Amma da taskar gwamnati ta daina dogara da manomi, sai idon gwamnati ya daina tsayawa a kan kasuwarsa. Ba a zuba kuɗin da ya isa a farfaɗo da gyaɗa ba, ba a gina wa wake tsarin ciniki mai ƙarfi irin nata ba. Daga 1980 farashin iraniyom ya fara sauka, bashi ya taso, a 1983 aka shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A tsakiyar shekarun 1980 aka rushe UNCC, kafin shekarun su ƙare SONARA ta durƙushe, bankin BDRN ya bi su a 1990. Ita kanta COMINAK ta rufe a watan Maris na 2021 da ma'adininta ya ƙare. Gonakin Magarya kuwa har yanzu ana shuka su kowace damina.

Yau kayan cinikin wannan yanki su ne wake, da riɗi, da gyaɗar da mata ke matse wa mai suna yin ƙuli-ƙuli, da raken da ake nomawa a koramu irin na Waca da Bande, da dabbobi. Babbar kasuwarsu tana kudu. Mai tumaki a Dungas ranar Alhamis Maigatari yake nufa, cikin jihar Jigawa. Buhun waken da ya bi ta Tinkim ƙarshensa kasuwar Dawanau ce a Kano. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi kowa noman wake a duniya, Najeriya kuma ita ce babbar mai saye. Saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka, tukunyar gidan manomi ya taɓa. Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. Takunkumin CEDEAO ya sake rufe su daga tsakiyar 2023 har zuwa farkon 2024. A 2023 ɗin ne darajar naira ta zube, mai sayar da sa ya karɓi takardu cike da jaka, in ya canza su zuwa sefa sai ya ga rabin wahalarsa ta tafi. Waɗannan ba laifin hukumarmu ba ne. Amma akwai matakan da mu muka ɗauka da hannunmu, su ne ya kamata mu duba da idon basira.

A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta hana fitar da shinkafa da hatsi da dawa da masara da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. A watan Mayu na 2025, gab da babbar salla, ta hana fitar da dabbobi. Dalilin a fili yake, kuma mai nauyi ne: ambaliyar 2024 ta yi ɓarna, abinci ya yi tsada, mai ƙaramin albashi a Damagaram ko Yamai ya kasa cika tiya. Shugaban da ya ga haka ya naɗe hannu bai yi aikinsa ba. Sai dai mu tambayi kanmu wa ya biya kuɗin sauƙin. Hatsi abincin gida ne, mun yarda a tsare shi. Wake kuwa a Magarya da Dungas shi ne ya gaji gyaɗa: da shi ake biyan bashin damina, da shi ake sayen magani da tufafin yara. Mali da Burkina suna da nisan fiye da kilomita 1,000 daga Dungas, Maigatari kuwa tana bakin ƙofa. In an rufe ƙofar kudu da kaka, ba a kawo wani mai saye ba, farashi zai faɗi a hannun manomi, babban ɗan kasuwa mai sito ya kwashe da arha ya ajiye, abin da ya saura ya bi hanyar daji kamar yadda gyaɗa ta bi shekaru hamsin da suka wuce.

Wasu ma'aikata suna kawo misalin ƙasashen da suka hana fitar da ɗanyen ma'adini. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen litiyom a ƙarshen 2022, don a tilasta wa masu jari su gina masana'antu a cikin gida. Dabara ce mai kyau a wurinta. Amma dutse yana iya jira a cikin ƙasa shekara goma, ba ya ruɓewa, ba shi da iyali. Wake ƙwari ne ke cinsa cikin ƴan watanni, mai shi kuma in ya yi asara bana, baɗi zai rage shuka ko ya tafi cin rani Kano ko Libiya. Dokar da ta dace da ramin Arlit ba lalle ta dace da rumbun Sasumburum ba.

Abin da muke roƙo ba sabuwar SONARA ba ce mai hana kowa saye sai ita. Muna roƙon duk ranar da za a hana fitar da wani amfanin gona, a ranar a faɗi farashin da hukuma za ta saya da shi, a faɗi kasuwannin da za a kafa sikeli, a biya kuɗi hannu. Ofishin OPVN, wanda aka kafa tun 1970 don ajiyar abinci, wannan aikinsa ne, amma sai ya iso Yekuwa da Malawa a watan Oktoba, lokacin da manomi ke cikin matsi, ba a watan Fabrairu ba bayan kaya sun koma hannun ƴan kasuwa. A kuma sa wa hanin wa'adi, a sanar da shi tun kafin shuka, don mai gona ya san abin da zai zuba a ƙasa.

A nan ne kuɗin ma'adinai ke da gurbi. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shiga ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙa, kuma sun cancanta, su ne ke shaƙar ƙurar. Sauran kason da ke shiga baitulmali na ƴan ƙasa ne duka. In an ɗebi wani yanki sananne daga cikinsa, aka rubuta shi a kasafin kuɗi inda kowa zai gani, ayyukan da zai yi a kudancin Damagaram ba masu tsada ba ne. Tun wajen 1999 aka fara tsarin jinginar amfanin gona a ƙasar nan: ƙungiya ta zuba kayanta a sito da kaka, a kulle da makulli biyu, banki ya ba da bashi a kansu, a sayar da bazara in farashi ya tashi. Tsarin yana buƙatar sito mai rufi mai kyau, da buhunan nan masu ɗauri uku da ke kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, da bankin da zai yarda ya zo ƙauye. An kafa BAGRI don noma, an kafa asusun FISAN a 2017 don irin wannan jari. Sai a auna aikinsu da yawan ƙungiyoyin Dogo-Dogo da Kwaya da suka karɓi bashi, ba da yawan tarurrukan da aka yi a Yamai ba. Darasin SEPANI kuma kada a manta da shi: kafin a sake gina babbar masana'anta, a tabbatar da iri mai jure cuta da farashin da zai sa a noma. Ƙananan injunan matse mai a hannun ƙungiyoyin mata sun fi kusa da abin da gonakin ke bayarwa yanzu.

Akwai kuma batun hanya. A 2021 Najeriya ta aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina. Daura ba ta da nisa da Magarya. Jirgin 1912 ya canza rayuwar kakanninmu ba tare da an shawarce su ba. A wannan karon akwai lokacin da za a gyara hanyoyin da ke haɗa kasuwannin ƙauye da kwalta, a rage shingayen da ake tsayar da kamyo a kansu, a manna kuɗin duwan na kowane buhu da kowace dabba a bangon ofis.

Kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa. To, a fara da takardun ciniki. Sanarwar hani, da farashin hukuma, da sharuɗɗan bashi, da takardar awo, duka a buga su da Hausa a kai wa hakimai da masu gari da shugabannin ƙungiyoyi. A kowane ƙauye na gundumomin nan biyu akwai maza da mata da suka gama ajin yaƙi da jahilci, sun iya karatu, sun iya lissafi. Su za a zaɓa masu awo da magatakarda, kamar yadda aka yi a 1966. Shugabannin gundumomin Magarya da Dungas suna iya fara tattara sunayensu tun yanzu, kafin wake ya shigo kasuwa.